Malamin da aka sallama saboda bai iya koyarwa ba: martani ga shafin ilimi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in mayar da martani ga rubutun da ya fito a shafinku na ilimi, inda marubucin ya kafe a kan cewa duk malamin jami'ar da ɗalibai ba sa gane karatunsa, to shi ma bai san abin ba, kuma maganinsa sallama. Ya kawo ma'auni uku da ya ce sun isa a san malami da su: a tambayi ɗalibansa, a dubi takardun shaidarsa, a ƙirga maƙalun da ya wallafa. Na san abin da ya harzuƙa shi, domin babu wanda ya yi jami'a bai gamu da malamin da in ya juya baya ya fuskanci allo, ba zai sake waiwayowa ba sai an tashi. Amma ni malamin fiziks ne, reshen da na koyar har na yi ritaya shi ne fiziks na ƙididdiga, kuma a wannan reshe akwai mutumin da in aka ɗora shi a kan ma'aunan nan uku, duk ukun zai faɗi. Sunansa Lars Onsager, kuma shi ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1968.

Ga masu karatun da ba su san fannin ba, ga shi a taƙaice. Giram 18 na ruwa yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 6 da sifiri 23 a bayansa. Babu mahalukin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce ga inda kowace ta nufa. Don haka masanan da suka kafa fannin, su Maxwell da Boltzmann da Gibbs, suka ce a daina bin ƙwaya ɗaya, a ƙirga hanyoyi nawa ne tarin ƙwayoyin zai iya jeruwa, a ga wane irin jeri ne ya fi rinjaye. Daga wannan ƙirge ake fitar da zafi da matsin iska da sauran abubuwan da ake aunawa a ɗakin gwaji. Aiki ne na lissafi zalla, alli da takarda, kuma mai yin sa kan shafe shekaru bai fito da abin nunawa ba.

An haifi Onsager a Oslo ta ƙasar Norwe a 1903. Ya shiga babbar makarantar fasaha ta Trondheim a 1920, ya fito injiniyan sinadarai a 1925. Wannan ita ce takardar da ya yi shekara goma yana yawo da ita, babu wata. Tun yana ɗalibi ya karanta bayanin da Peter Debye da Erich Hückel suka fitar a 1923 kan abin da ke faruwa idan an narkar da gishiri a ruwa. Gishirin yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu cajin lantarki iri biyu, kowace ƙwaya kuma kishiyoyinta suna kewaye ta. Bayanin ya yi daidai a wurare da yawa, amma idan aka zo ga yadda ruwan gishirin ke ɗaukar lantarki, lissafi da gwaji ba sa haɗuwa sosai. Onsager ya gano dalili: sun ɗauka ƙwayar da ke tsakiya miƙewa take yi ɗoɗar, alhali ita ma tangal-tangal take yi kamar sauran, saboda ƙwayoyin ruwa suna ta bugun ta ta kowane gefe. Ya gyara lissafin. Sannan, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya tashi takanas zuwa Zurik ta Suwizalan, ya shiga ofishin Debye, ya gaya masa cewa bayaninsa da kuskure.

A nan nake so marubucinku ya tsaya ya duba. Debye babban farfesa ne, wanda daga baya shi ma ya ci Nobel a 1936. Yaro ne ya shigo masa, ba shi da digirin digirgir, ba shi da maƙala, ba wanda ya turo shi. Debye bai tambaye shi takarda ba. Ya ba shi kujera, ya saurari hujjar, ya ga gaskiya ce, ya ɗauke shi mataimaki a 1926. Wannan shi ne mutum na farko da ya karanta aikin Onsager maimakon ya ƙirga shi, kuma da bai yi haka ba, ban san ko za mu taɓa jin sunan yaron ba.

A 1928 Onsager ya haye Amurka, jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore ta ɗauke shi. Sai aka ba shi 'yan ajin farko ya koya musu kimiyyar sinadarai. Zango ɗaya ya yi aka sallame shi. Kuma bari in faɗa tun yanzu kada a ce ina kare ɓarna: sun yi daidai da suka cire shi daga wannan aji. Yaran da suka shigo jami'a jiya suna da haƙƙi a kan malaminsu, kuma Onsager bai iya sauka inda suke ba. Waɗanda suka zauna a ajinsa a shekarun baya sun ba da labarin yadda yakan tsaya ya tare allon da jikinsa, yana magana da allon ba da mutane ba, ya tsallake matakai biyar na lissafi don a ganinsa a fili suke. A jami'ar Yale, inda ya fi daɗewa, ɗalibai sun laƙaba wa darussansa biyu na fiziks na ƙididdiga suna "harshen Norwe mai zurfi", kashi na ɗaya da na biyu. Ban musa wa marubucinku ko ɗaya daga cikin wannan ba. Inda muka rabu shi ne da ya ce wanda bai iya bayani ba, bai sani ba.

Domin ga abin da mutumin da "bai sani ba" yake yi a daidai wannan lokaci. Daga Baltimore ya koma jami'ar Brown, inda Charles Kraus, shugaban sashen sinadarai, ya ɗauke shi ya ba shi manyan ɗalibai. Can ma karatun bai shiga ba, in ban da wani ɗalibi guda, Raymond Fuoss, wanda ya jure har ya gane, suka kuma ci gaba da aiki tare shekaru masu yawa. A Brown ne Onsager ya rubuta maƙalu biyu da suka fito a mujallar Physical Review a 1931. Abin da ke cikinsu, in an sauƙaƙa, ga shi. Ka haɗa wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban baki da baki, ka ɗumama mahaɗa ɗaya: lantarki zai gudana. Seebeck ne ya ga haka a 1821. Ka juya al'amarin, ka tura lantarki cikin wayoyin: mahaɗa ɗaya za ta yi zafi, ɗayar ta yi sanyi. Peltier ya ga wannan a 1834. Wato zafi na tura lantarki, lantarki na tura zafi. Kelvin ya hango a 1854 cewa akwai dangantaka tsakanin ƙarfin turawar nan biyu, ya ma rubuta ta, amma hujjar da ya kafa ba ta zauna da gindinta ba, shi ma ya san haka. Onsager ya nuna cewa in an zaɓi ma'aunan da suka dace, adadin da zafi ke tura lantarki da shi daidai yake da adadin da lantarki ke tura zafi da shi, kuma ba a wayoyi kaɗai ba, a duk inda abubuwa biyu ke gudana suna jan juna. Tushen hujjarsa kuwa shi ne cewa dokokin motsin ƙwayoyi ba su san gaba da baya ba: in aka ɗauki hoton motsin ƙwayoyi biyu suna karo aka juya shi baya, abin da za a gani bai saɓa wa doka ba. Daga wannan ƙaramar gaskiya ya ciro doka mai faɗi.

Wannan aiki shi ne aka ba shi Nobel a kansa, bayan shekara 37. A lokacin da ya fito kuwa, kusan babu wanda ya kula. Ya aika da tsarin aikin zuwa tsohuwar makarantarsa ta Trondheim don a ba shi digirin digirgir, suka ce bai cika ba. Makarantar nan dai ita ce ta kira shi a 1960 ta ba shi digirin girmamawa. A 1933 kuma, da karayar tattalin arziki ta kama Amurka, Brown ta duba wanda za ta rage, ta ga malamin da ɗalibai ba sa gane shi, ta sallame shi. Sallama ta biyu ke nan cikin shekara biyar.

Yale ta ba shi gurbin da ake ba masu digirin digirgir su ci gaba da bincike. Sai bayan ya iso aka farga cewa ba shi da digirin. Abin kunya ga sashen, sai aka nemi hanyar rufa asiri: aka ce masa ya miƙa ɗaya daga cikin maƙalunsa da suka riga suka fito, a karɓa a matsayin kundi. Ya ƙi. Ya ce sai dai sabon aiki, ya kawo musu kundi a kan wani lissafi da ake kira na Mathieu. 'Yan sinadarai suka duba, ba su gane ba. Aka kai wa 'yan fiziks, su ma suka ɗaga hannu. Aka kai sashen lissafi, wurin Einar Hille. Hille ya karanta, ya ce in sashen sinadarai ba zai ba da digiri a kan wannan ba, sashen lissafi zai bayar da farin ciki. Sai 'yan sinadarai suka yi maza suka ba shi a 1935, bayan ma sun riga sun naɗa shi ƙaramin farfesa a 1934.

Debye, Kraus, Hille. Mutum uku, a ƙasashe biyu, kowannensu ya yi abu ɗaya: ya zauna ya bi aikin da kansa. Ba kwamiti ne ya ceci Onsager ba, ba kuma fom ba.

Yanzu in zo ga aikin da mu 'yan fiziks muka fi sanin sa da shi, wanda nakan koyar kowace shekara, kuma ina roƙon Edita ya yi haƙuri da ni in ɗan daɗe a nan. Tambayar ita ce: me ya sa abubuwa ke sauya hali farat ɗaya? Ƙarfe mai maganaɗisu, in ana ɗumama shi, ƙarfin maganaɗisun yana raguwa, sai a wajen digiri 770 ya ɓace gaba ɗaya. Kowace ƙwaya a cikin ƙarfen maƙwabtanta na kusa kawai ta sani. To yaya aka yi biliyoyin ƙwayoyi suka yi ittifaƙi a kan digiri guda? Har a 1937, a wani taron masana a Amsterdam, an yi ta gardama ko lissafin su Gibbs zai iya fitar da irin wannan sauyi ko kuwa sai an ƙara masa wani abu, har aka kai ga kaɗa ƙuri'a a zauren, ba a kuma tashi da matsaya ba.

Yadda nake gabatar da matsalar a aji shi ne in raba takarda mai gidaje-gidaje, irin ta zanen jadawali. In ce kowa ya zana kibiya a kowane gida, ko ta kalli sama ko ta kalli ƙasa. Doka ɗaya ce: kibiyoyi biyu maƙwabta sun fi son su kalli wuri ɗaya. Zafi kuma aikinsa ya birkita su. In sanyi ya yi yawa, duk za su jeru su kalli gefe guda, ƙarfen ya zama maganaɗisu. In zafi ya yi yawa, kowace ta kama gabanta, rabi sama rabi ƙasa, maganaɗisu ya tafi. Sai in ce su ƙirga mini jeri nawa ne zai yiwu a takarda mai gida goma a tsaye, goma a kwance. Akan samu wanda zai fara zanawa da gaske, ya cika shafi, kafin wani daga baya ya ce, "Malam, ai biyu ce sau biyu har sau ɗari." Haka ne. Adadin ya haura 1 da sifiri 30 a bayansa, a gida ɗari kacal. Ajin yakan yi tsit a nan, sannan in gaya musu cewa abin da ake nema shi ne a tara dukkan jerin nan, kowanne da nauyinsa, a takardar da ba ta da iyaka.

Wilhelm Lenz ne ya ƙago wannan tsari a 1920 ya ba ɗalibinsa Ernst Ising a Hamburg. Ising ya warware shi ga kibiyoyin da ke layi ɗaya, ya wallafa a 1925, ya samu cewa babu wani sauyi na farat ɗaya. Dalilin a fili yake in an lura: a layi ɗaya, wuri guda kawai za a karya jerin, duk abin da ke bayan wurin ya juya. A shimfiɗaɗɗiyar takarda kuwa, in ana so a juya wani yanki, sai an biya kuɗin duk iyakar da ta kewaye shi, kuma iyakar tana tsawo yayin da yankin ke girma. Rudolf Peierls ya yi amfani da wannan a 1936 ya kawo hujja, ko da yake ba cikakkiya ba, cewa akwai sauyi a shimfiɗe. Kramers da Wannier suka gano ainihin zafin da sauyin zai faru a 1941, ta wata dabara mai kyau, ba tare da sun warware matsalar ba. Tarawar kanta ta gagari kowa.

Onsager ya tara. Ya fara da layuka biyu a jere, ya warware da hannu, ya koma uku, ya koma huɗu, yana neman salon da ke maimaita kansa, kuma kowane layi da ya ƙara, girman lissafin ninkawa yake yi. Da ya ga salon, sai ya gina aljabarar da za ta ɗauki layuka ko nawa ne. Ya sanar da sakamakon a wani taro a New York a 1942, cikakkiyar maƙalar ta fito a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya. Ita ce karo na farko da aka nuna, da lissafi tsantsa ba tare da kintace ba, cewa daga ƙwayoyin da maƙwabtansu kawai suka sani, sauyi na farat ɗaya yana fitowa. Gardamar Amsterdam ta mutu. Ana ruwaito cewa bayan yaƙi, da wani abokinsa ya tambayi babban masanin fiziks Wolfgang Pauli abin da ya wuce shi a fiziks a shekarun da aka yanke sadarwa, Pauli ya amsa masa cewa babu wani abin kirki sai aikin nan na Onsager. Wanda ya san Pauli da rashin yabon mutane zai san nauyin maganar.

Maƙalar ta yi wuyar karantawa ƙwarai, wannan ma gaskiya ce. Sai da Bruria Kaufman, wadda daga baya ta zama mataimakiyar Einstein, ta sake gina hujjar ta hanya mafi sauƙi a 1949, sannan mutane da yawa suka iya bi.

Ga kuma inda ma'aunin ƙirga maƙalu ke karyewa. A 1948, a wani taro a jami'ar Cornell, Onsager ya tashi ya rubuta a allo lissafin da ke ba da ƙarfin maganaɗisun wannan tsari a kowane zafi. Layi ɗaya. Ya sake faɗar sa a wani taro a Florence ta Italiya a 1949. Bai taɓa wallafa yadda ya samo shi ba. Sai a 1952 C. N. Yang, wanda shi ma ya ci Nobel daga baya, ya fitar da hujjar bayan doguwar wahala, ya samu abin da Onsager ya rubuta daidai. A cikin layin nan akwai lamba guda, ɗaya bisa takwas, da ke faɗin yadda maganaɗisu ke ɓacewa in an kusanci zafin sauyi. Duk bayanan da ake da su kafin nan ɗaya bisa biyu, wato rabi, suke bayarwa. Bambancin rabi da ɗaya bisa takwas ya hana masana barci fiye da shekara ashirin, har Kenneth Wilson ya fito da hanyar fahimtar irin waɗannan lambobi a 1971, aikin da ya kai shi ga Nobel a 1982. To a fom ɗin ƙarin girma, maki nawa ake ba layi ɗaya a allo? Babu ma gurbin da za a rubuta shi.

Haka ya yi ta yi. A 1949 ɗin nan dai ya faɗi, a matsayin tsokaci a taro, cewa jujjuyawar ruwan hiliyom mai tsananin sanyi ba ta zuwa sai a ƙayyadaddun adadi, abin da masanin fiziks Richard Feynman ya sake ganowa da kansa a 1955. A shekarar ya bayyana dalilin da ƙwayoyi masu siffar sanda kan jeru da kansu in sun cunkushe, wanda yana cikin tubalan fahimtar ruwan da ke cikin fuskar agogo da kwamfuta. A shekarar kuma ya yi wani hasashe kan hargitsin ruwa mai gudu, a 'yan layuka, wanda masana lissafi suka tabbatar da rabinsa a 1994, ɗaya rabin kuma sai da Philip Isett ya kammala shi, aka wallafa a 2018, shekara 42 bayan rasuwar mai hasashen. Yale ta ba shi kujerar farfesa mai sunan Gibbs a 1945, ya zauna a kanta har ya yi ritaya a 1972, ya koma jami'ar Miami, ya rasu a 1976. (Shi kansa Gibbs ɗin, jami'ar Yale ta naɗa shi farfesa a 1871 ba tare da albashi ba, ya yi shekara tara a haka, sai da Johns Hopkins ta nemi ɗauke shi sannan aka fara biyan sa. Jami'o'i sun daɗe ba su san abin da ke hannunsu ba.)

Akwai wani ɓangare na labarin da nake ganin marubucinku zai so, kuma ni ma ina son sa. Ernst Ising, mai sunan tsarin, bai zama mai bincike ba. Ya koma koyarwa a makaranta a Jamus, 'yan Nazi suka raba shi da aikinsa saboda Bayahude ne, ya tsere zuwa Luksambag a 1939, ya isa Amurka a 1947, ya ƙare yana koyar da fiziks a jami'ar Bradley ta jihar Illinois. Bai sake wallafa wani bincike ba, sai bayan yaƙi ma ya ji cewa sunansa ya zaga duniya. Amma an san shi da iya koyarwa da kula da ɗalibai. In aka bi ma'aunin ƙirga maƙalu, Ising ya faɗi. In aka bi ma'aunin tambayar ɗalibai, Onsager ya faɗi. Marubucinku yana so kowane malami ya haye duka biyun, wato da shi ne shugaban jami'a, da ya kori mutum biyun nan a rana ɗaya. Ni kuwa da za a ba ni sashe in gina, Ising zan ba 'yan ajin farko, in ba Onsager ofis da allo da ɗalibi ɗaya ko biyu masu taurin kai irin Fuoss. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a ɗakin shan shayi na malamai: Onsager ɗaya ne a ƙarni, amma malalata masu fakewa da "bincikena mai zurfi ne, ba za ku gane ba" sun fi a ƙirga. Wannan gaskiya ce, kuma na yi aiki da irinsu. Mutum ba ya shiga aji, ba ya rubutu, in an tambaye shi ya ɗaga hanci. Irin wannan ba shi da wata alaƙa da Onsager, wanda yake zuwa ajinsa, yake kuma da sakamakon da duk mai iya bin lissafi zai iya gwadawa ya ga ko daidai ne. Amma ta yaya za a bambance su? Ƙirge ba zai bambance su ba, don dukansu maƙalunsu kaɗan ne. Tambayar ɗalibai ba za ta bambance su ba, don dukansu ba a gane su. Hanya ɗaya ce tak: wani wanda ya san fannin ya zauna ya karanta abin da mutumin ya rubuta.

Wannan kuwa shi ne abin da na ga yana ɓacewa. Na zauna a kwamitin ƙarin girma. Akan kawo fayil-fayil a jibge a kan tebur, sakatare yana riƙe da jadawalin maki: maƙala a mujallar waje maki kaza, ta cikin gida maki kaza, in marubuta sun yi yawa a raba. Wata rana aka zo kan fayil ɗin wani matashi mai maƙalu 'yan kaɗan, ɗaya daga ciki doguwa ce, cike da lissafi. Kusa da shi akwai na wani mai maƙalu tuli, waɗanda ko daga kanunsu za ka gane bincike ɗaya ne aka yanka gunduwa-gunduwa. Sakatare ya haɗa maki, na biyun ya haye, na farkon bai kai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikinmu akwai wanda ya karanta doguwar nan?" Shugaban zaman ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba aikin kwamiti ba ne, an aika wa masu tantancewa na waje. Aka ɗauko rahoton na wajen. Sakin layi biyu ne, kuma abin da ke ciki shi ne adadin maƙalun da sunayen mujallun. Shi ma ƙirgawa ya yi. Ban ce matashin nan Onsager ba ne, wataƙila doguwar maƙalar ba ta da wani abin a zo a gani. Abin da na ce shi ne an yanke masa hukunci ba tare da ko mutum ɗaya ya buɗe ta ba, kuma darasin da ya ɗauka daga ranar shi ne ya daina dogon aiki ya koyi yanka.

Fiziks na ƙididdiga ya fi yawancin fannoni cutuwa da wannan, saboda amfaninsa ba ya zuwa da wuri, kuma ba ya zuwa ta inda aka zata. Tsarin kibiyoyin nan da aka ƙago don ƙarfe, shi John Hopfield ya ɗauka a 1982 ya gina samfurin yadda tarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa za su iya ajiye tunani, aikin da yana cikin tushen ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a kai yau, kuma aka ba shi Nobel ta fiziks tare da Geoffrey Hinton a 2024. Babu kwamitin da zai iya hango wannan a 1925 ko a 1944.

Shawarata ga marubucinku, in zai karɓa daga tsohon malami, ita ce ya ƙara ma'auni na huɗu a kan ukunsa, ya kuma sa shi a gaba: kafin a ɗaga malami ko a sallame shi, a samu mutum ɗaya da ya san fannin, a ba shi aiki ɗaya da malamin ya zaɓa da kansa, ya karanta daga farko har ƙarshe, ya rubuta da sa hannunsa abin da ke sabo a ciki da abin da ba sabo ba. In sashen ba shi da mai iyawa, a kai sashen da ke kusa, kamar yadda aka kai wa Hille. Malamin da ɗalibai suka koka da shi kuma, a fara da sauya masa aji kafin a kai ga sauya masa aiki.

Ina kuma da tambaya gare shi, ina fatan zai amsa a shafin nasa. Tsarin kibiyoyin da Onsager ya warware na shimfiɗaɗɗiyar takarda ne. Na ainihin ƙarfe, mai tsawo da faɗi da kauri, har yau babu wanda ya warware shi da lissafi tsantsa, shekara tamanin ke nan. A ce wani matashi a sashen da marubucinku ke shugabanta ya zo ya ce shi wannan zai sa a gaba, ya yi shekara biyar bai wallafa komai ba, ɗalibai kuma suna ƙorafi da ajinsa. Me zai yi da shi a shekara ta shida, kuma wa zai tambaya kafin ya yi?

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani malamin fiziks mai ritaya